Lodin Baffa

A shekarun nan na saba'in da man fetur ya yi daraja, Larabawa suka cika unguwar Marylebone ta London da neman magani. Likitocin unguwar ba sa jin Larabci, majiyyatan ba sa jin Turanci, ni kuwa ina jin duka biyun, sai na zama tafinta. Kafin in zo London na yi karatu a Alƙahira, na koyar a Hartum, na yi 'yan watanni a Adan da Addis Ababa. Idan mutum ya shigo ofishin likita ya buɗe baki, kafin ya nuna inda ke masa ciwo na riga na san ƙasarsu. Ina ji da wannan kunne nawa fiye da kima.

Kalmar zuciya kaɗai ta ishe ni kallo. A littafi ƙalb ce. Bamisire ya haɗiye harafin farko ya ce alb. Mutumin Sudan da na bakin Tekun Fasha su ce galb. Akwai wata nas 'yar Malta, Kirista, da take rantsuwa harshensu ba Larabci ba ne, amma idan tana ƙirga ƙwayoyin magani ƙasa-ƙasa sai in ji wihed, tnen, tlita suna fitowa. Kakanninta sun daɗe suna maƙwabtaka da mutanen Italiya har haruffa masu nauyi suka saki a bakinsu, harafin ainun ya zama wanda ake rubutawa ba a faɗa. Shuwa na Borno, da suka daɗe suna kiwo gefe da gefe da Fulani, ɗa ɗinsu irin tamu ce sak. Habashawa kuwa, da harshensu ɗan'uwan Larabci ne, idan suka furta ƙ ko ts sai ka waiga ka nemi Bakano. Ina da ɗan littafi da nake rubuta irin waɗannan. A lokacin duk lalacewa nake ɗaukarsu. Larabci na gaskiya, a ganina, shi ne wanda malamaina na Alƙahira suka sa mini a baki. Sauran duk tabo ne da ya samu wajen cuɗanya da wasu harsuna.

Cikin wannan hali Baffa ya zo. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida da mahaifina ya rasu, kuma a gabansa na fara sanin baƙi. Ya yi alƙalanci a wani ƙaramin gari har ya yi ritaya, ya yi shekara arba'in yana limancin masallacin unguwarmu. Tun da na dawo daga karatu bai ƙara kirana da sunana ba, sai Bamisire. Shekara guda ke nan muryarsa ta dushe, an yi zuma, an yi rubutu, an yi asibitin gida, daga ƙarshe aka turo shi wurina. Muka sauke shi a flat ɗinmu na Deptford, ni da matata, muka ba shi ɗakin da ya fi kusa da hita.

Ni na yi tafinta ranar da likita ya faɗi sakamako. Na sha isar da irin wannan labari ga mutanen da ban sani ba, na iya zaɓen kalmomi. Baffa ya lura ina zaɓe.

Ya ce, "Bamisire, faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ka zuba mini sukari."

Na gaya masa ƙari ne a maƙogwaro, kuma sai an cire inda murya take fitowa gaba ɗaya. Zai rayu, in Allah ya so, zai ci abinci, zai yi numfashi ta wata 'yar ƙofa da za a buɗe masa a wuya. Magana dai ta ƙare.

"Yaushe za a yi?"

"Nan da kwana goma sha biyu."

Ya dubi yatsunsa yana motsa su. "Izu sittin, kwana goma sha biyu. Biyar-biyar ke nan. Ai ya ba ni sauka ɗaya. Ka yi masa godiya."

Likitan ya ce a gaya masa ya riƙa hutar da muryar kafin ranar. Da na faɗa, Baffa ya yi dariyar da ta zame masa tari. "In hutar da ita ta yi me? Aikenta za a yi?"

Matata ce ta yi tunanin rakoda. Washegari ta shiga kasuwar Deptford ta dawo da ita da kwalin kaset. Baffa ya juya rakodar ta kowane gefe, ya ce, "'Yata, wannan akwatin shi zai riƙe mini ita?" Ta ce shi ne. Ya ce to a gaya wa akwatin amana ce. Bayan sallar asuba sai ya zauna a kan buzunsa kusa da hita, ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo, ya fara. Ba ya duba takarda. Muryar ta dushe ƙwarai, kamar ana jan tabarma a kan siminti, amma karin yana nan yadda na san shi tun ina yaro, da yadda yake sauke ƙarshen aya a hankali kamar mai ajiye tulu. Idan ya gaji matata ta ba shi ruwan ɗumi da zuma. Kwana uku ya yi haka, izu goma sha biyar, kaset shida.

A kwana na huɗu muka koma Marylebone a ɗebi jini a ɗauki hoton ƙirji. Watan Nuwamba ne, ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Asibitin ya bar wa Larabawa wani ɗaki a ƙasa inda suke salla, muka sauka muka tarar da mutum shida ko bakwai. Da suka ga farin gemun Baffa sai suka tura shi gaba. Ya nuna musu wuyansa, suka ce ba komai. Ya ja mu magariba.

Akwai harafi ɗaya da Larabawa ke kira dad, suke alfahari da shi har suna kiran harshensu da sunansa. Mu a makarantar allo lodi muke ce masa, kuma kusa da lam muke fitar da shi, sai dai da kauri. Shi ne a cikin alwala da alƙali da larura da layya da farilla da walaha. Duk Bahaushe yana furta shi sau da yawa a yini bai sani ba. Shi ne kuma a kalmar ƙarshe da liman yake ja kafin mamu su ce amin. Lodin Baffa ya fi na kowa cika baki. Kumatunsa na hagu yakan ɗan motsa idan ya zo kansa, iska ta fito ta gefe.

Da aka sallame, wani matashi ɗan kasuwa daga bakin Tekun Fasha ya matso kusa da ni. Ba da mugunta ya yi maganar ba, yana murmushi ma. Ya ce shehin nan naku daga ina yake, me ya sa yake mayar da dad lam? Wani daga bayansa ya ce, ƙasa-ƙasa, shi dai zai sake tasa sallar idan ya koma ɗaki. Kunnena ya ji sarai cewa shi kansa matashin ba dad ya ce ba. Harshensa a tsakanin haƙora yake, abin da ya fito ya fi kusa da za. A Alƙahira da an gyara masa shi ma. Na ji, amma kunya ta hana ni tunani. Na ce musu, "Tsoho ne, ku yi haƙuri. Haka suke faɗa a can."

Suke na ce, ba muke ba. Har yau idan na tuna wannan kalma sai in ji ta a haƙorina.

Muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza zuwa jirgin Deptford, sai da muka haye kogi Baffa ya juyo gare ni. Larabcin littafi yake ji, na kasuwa yakan kuɓuce masa, amma ya tsinci abin da ya tsinta.

"Me yaron nan ya ce? Na ji lam, na ji sakewa."

Da na ce gaisuwa ce, da ya bar maganar. Amma ni tafinta ne mai taƙama da cewa ba na ragi ba na ƙari. Na faɗa masa duka. Sannan na yi ƙarin da ban taɓa yi wa wani majiyyaci ba. Na ce, "Gaskiya ne kuma, Baffa. Ba lodi ba ne, dad ne. Ni ma a Alƙahira aka gyara mini."

"Yaushe?"

"An yi shekara goma sha biyar."

"Ka zo gida sau nawa tun lokacin?"

"Sau biyar."

"Ka bi ni salla."

"Na bi."

"Kana sakewa?"

Na sunkuyar da kai. A zuwana na farko na sake, sau biyu, a ɗaki, da ƙofa a rufe. Ya karanta a fuskata. Ya juya yana kallon bayan gidajen da jirgin ke wucewa, da shanyar da ba ta bushewa. Can ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Mutanen da suka bi ni fa? Rabinsu suna ƙasa."

Washegari bai zauna a kan buzu ba. Na fito na same shi a teburin kicin da madubin matata a gabansa. Ya ce, "Zauna, Malam. Koya mini." Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Na ce ya bari ya gama saukarsa tukuna. Ya ce ba zai kai wa Ubangiji izu arba'in da biyar da harafin da aka ce masa karyayye ne ba. Kwana takwas suka rage, ya ce biyu sun isa harafi ɗaya, sauran ya ninka karatun. Sai na koya masa yadda aka koya mini: ka kafa kan harshe a bayan haƙoran sama, ka ɗaga bayansa, ka cika baki, ka saki. Ya gwada, ɗa ta fito. Ya sake, da ta fito. Ya ce in faɗa ya ji. Na faɗa.

"Bamisire, wannan ai dal ne ya ci tuwo ya ƙoshi."

Matata ta yi dariya daga wurin wanke-wanke, ni ban yi ba. Ya ce malaminsu ya gaya musu harafin daga gefen harshe yake fita, inda ya jingina da matauna, kuma shi ma haka malaminsa ya gaya masa. Na ce malaman nan ba su taɓa jin Balarabe ya yi magana ba. Ya ce, "Haka ne. Ba su taɓa ba." Ya ɗauki madubin.

Kwana biyu suka wuce, harafin bai zauna ba. Harshen da ya yi shekara saba'in yana bin hanya ɗaya ba ya canza ta don an roƙe shi. Idan ya kama shi a kalma ɗaya, da ya shiga aya sai lodi ya dawo da kansa, kumatun ya motsa, sai ya tsaya ya koma farko. Muryar kuma kullum raguwa take. Ina fita aiki da safe in bar shi a teburin, in dawo in same shi a wurin.

Rannan ina shigowa matata ta tare ni a bakin ƙofa, ba ta bari na cire kwat ba.

"Malam, mutum ya zo da kwana goma sha biyu a hannunsa, ka zauna kana cinye masa su a kan harafi ɗaya."

"Shi ya ce in koya masa."

"Wa ya ce masa bai iya ba? Ba kai ba ne kullum kake dawowa kana ba ni labari, wannan ya ce alb, wancan ya ce galb? Su wa ya tsare su da madubi?"

Na ce wannan maganar kasuwa ce, wancan karatu ne, ba ta gane ba. Ta ce lallai ba ta gane ba, ita ba ta je Masar ba. Sannan ta ce in je in duba kaset ɗin.

Tun kwana biyu kafin nan ya tambaye ta yadda ake goge abin da aka ɗauka, ta ƙi faɗa masa. Ashe ya lura da jan maɓallin da take dannawa. Da ta fita kasuwa sai ya sa kaset ya danna, ya bar shi yana juyawa har ya ƙare, ya juya bayansa, ya sa wani. Duka shidan. Na saurare su a tsaye. Ƙarar hita ce, da bas da ke wucewa a titi, da ƙofar maƙwabta. Jefi-jefi daga nesa, daga wajen kicin, sai a ji dusasshiyar murya tana cewa da, da, ɗa, ta yi tari, ta sake.

Na shiga wurinsa na durƙusa na ce ya yi wa Allah ya koma karatunsa yadda ya saba, malamai sun yi sauƙi ga wanda harshensa bai iya ba. Ya ce, "Wanda bai iya ba. To ai ka faɗa." Kwana uku suka rage a lokacin. Ko da ya yarda, muryar ba za ta ɗauki izu goma sha biyar a yini ba.

Ranar aikin, da hantsi, an kwantar da shi a gadon da ake turawa, muna jiran a buɗe ƙofa. Ya yafito ni. Na sunkuya. Ya tattara abin da ya rage masa ya furta harafin sau ɗaya a kunnena, sannan ya ce, "Ya yi?"

Bai yi ba. Na ce, "Ya yi, Baffa."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Aiki ya yi kyau, in ji likita. Baffa ya farfaɗo da ƙyallen bandeji a wuya da ɗan littafi da biro a gefen gado. Da ajami yake rubuta abin da yake so: ruwa, alƙibla, a rage hasken fitila.

Bayan kamar kwana tara aka kira ni wani asibitin a unguwar. Wani tsoho ne aka kawo daga duwatsun kudancin ƙasar Larabawa, wajen iyakar Oman da Yaman, tafintan wurin ya kasa da shi. Ɗansa, wani magidanci mai aiki a birni, shi ya rako shi. Tsohon ya juya yana yi wa ɗan magana da harshensu na gida, wanda ba Larabci ba ne, ɗan'uwansa ne da suka rabu tun da daɗewa. Ban fahimci ko kalma ba. Amma ina jin wani sauti yana ta dawowa, iska tana fita ta gefen baki, kumatu yana motsi. Da ya juyo gare ni ya koma Larabci, ya ce shi marili ne, wato majiyyaci, kuma yana so a mayar da shi arlinsa, wato ƙasarsa. Duka kalmomin biyu da harafin nan a cikinsu. Daga gefe ya fito da shi.

Na manta da likita. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana dubana kamar ni ne marar lafiyar. Ɗan ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, tsoho ne, a birni ma dariya ake yi masa.

Da na tashi daga aiki ban koma gida ba, na wuce ɗakin karatu na wata jami'a inda nake da kati. Na ɗauko littattafan nahawu na farko-farko, waɗanda na haddace babinsu na mafitar haruffa don in ci jarrabawa. Abin yana nan inda na bar shi. Gefen harshe ne, da abin da ke kusa da shi na matauna, kuma maƙwabcinsa mafi kusa lam ne. Na rubuta wannan da hannuna a takardar jarrabawa a Alƙahira, aka ba ni maki, na fito ina furta harafin da kan harshe kamar malamin da ya ba ni makin. Ban taɓa haɗa abin da na haddace da abin da ke fita daga bakin Baffa ba.

Ina zaune sai abubuwan da ke cikin ɗan littafina suka fara haɗuwa. A kudancin Sifen na ji suna kiran shugaban gari alkalde, na yi dariya na ce ya yi kama da alƙali, na wuce. A Makka na ji alhazan Malesiya suna cewa perlu ga abin da ya zama dole, ban ji farilla a ciki ba. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, a gefuna uku na duniya, duk sun ji lam a cikin harafin nan, domin lokacin da Larabci ya iso musu da lam ɗin a jikinsa ya zo. A manyan birane na tsakiya, inda ya gauraya da masu wasu harsuna, a nan ya sake kama. A wani wuri ya zama dal mai nauyi, a wani ya faɗa cikin za, Turkawa da mutanen Pakistan suka karɓe shi suna cewa Ramazan. Masana suna gardama a kan dalilin, ni dai abin da kunnena ya ji nake faɗa. Ba kuma ina cewa lodin Baffa shi ne na asali tsantsa ba. Hausa ta ja shi wajen lam ɗinta, kamar yadda kowane harshe yake ja. Nawa ya riƙe nauyin ya saki gefen. Nasa ya riƙe gefen. Babu wanda ya iso da harafin cikakke a cikinmu, ni kaɗai ne dai na ɗauka na iso da shi.

Washegari da la'asar na je wurinsa. Matata tana can, ta kawo masa kunu mai ruwa-ruwa da aka fara barinsa ya sha. Na zauna na faɗa masa duka, tsohon dutse, da littattafan, da alkalde. Na yi ta zuba kamar mai kare kansa a gaban alƙali, kuma a gaban alƙali nake. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya jawo littafinsa ya rubuta, ya juyo mini da shi.

*Sallar mutanena ta yi?*

Na ce ta yi, Baffa. Tun farko ma ta yi.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, matata ta goge da bakin mayafinta. Na ce ya yafe mini. Ya ɗaga hannu ya sauke, yadda yake yi a zaure idan mai ƙara ya fara maimaita abin da aka riga aka ji. Ya sake rubutu.

*Daga izu na sha shida. Da nawa.*

Na gane, da lodinsa yake so in karanta. Na ɗauko Alƙur'anin da ke kan durowa na buɗe inda ya tsaya, na fara. Ban yi nisa ba na iso harafin. Na kai harshena gefe, na saki, sai lam ta fito, lam fayau irin ta lemo. Ya girgiza kai. Na sake, dal ɗin Alƙahira ya fito. Ya miƙo hannu ya danna babban yatsansa a kumatuna na hagu, daidai kan matauna, da ƙarfi har na ji zafi. Na san wurin. Zan iya kwatanta shi da harshe huɗu. Da wannan harafin na fara karatu, na yi shekara goma sha biyar ina kankare shi daga bakina, kuma ya kankaru. Ya buɗe baki zai nuna mini, kumatun ya motsa, ba abin da ya fito sai iskar da ta ɗaga ƙyallen wuyansa.

Muka yi ta yi har nas ta shigo da shayi. Sai ya saki fuskata ya rubuta: *Karanta da naka.*

Haka muka yi izu arba'in da biyar, wasu a asibiti, sauran a Deptford bayan an sallame shi, biyu ko uku a yini idan na dawo daga aiki. Ina karantawa yana bi da leɓe. Idan na yi kuskuren wasali ya ƙwanƙwasa gefen kujera da biro, in koma. A kan harafin nan kuwa bai taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ni ne nake rage murya duk lokacin da na hango shi tafe a cikin layi.

Ya koma gida ya yi wata tara. An ce kullum a sahun farko yake tsayawa, daga dama, a bayan wani ɗalibinsa da ya gaje shi. Da damina ya rasu. Daga baya na yi tafiye-tafiye da yawa, har duwatsun tsohon nan na je, na zauna da mutanensa na ji sautin a bakin mata da yara. Ya yi kusa da na Baffa, amma ba shi ba ne. A gida ma yanzu yaran da suka yi makarantun zamani dad suke cewa, kuma suna gyara wa iyayensu.

Mun kai ƙarshen saukar kwana biyu kafin jirginsa ya tashi, ranar wata Lahadi da rana, ana yayyafi. Na rufe Alƙur'anin na miƙa masa. Addu'ar sauka ta mai sauka ce, saukar kuwa tasa ce, don haka ban buɗe baki ba. Ya gyara zama a kan buzun ya ɗaga hannuwa. Leɓunansa suna motsi, ƙyallen yana ɗagawa yana sauka. Ni da matata muka yi ta cewa amin a kan abin da ba mu ji ba, muna kallon hannuwansa don mu san lokacin da za mu shafa.